Sandar Da Ba Ta Cika Ba

"Duniya dubu, in ji su! Dubu!" Mahfuzu ya buga cinyarsa. "Kai kuma ka haɗiye. Dutse ɗaya za su zana, su shafa masa ja a nan, su shafa masa kore a can, su ce ga duniya dubu, je ka yi yawo."

"Hassada ce ke cin ka, mon frère," in ji Fulbert daga kan katifa. Muryar ta yi ƙasa, amma bakin nan bai mutu ba. "Mutane sun yi shekara bakwai suna aiki. Kai ko murfin waya sai ka ci rabin yini kafin ka buɗe."

"Shekara bakwai suna ɗaga rana dai. Sau nawa suka ce gobe?"

"Sau uku. Miyar da ta daɗe a wuta ita ce miya."

"Ita ce kuma ke ƙonewa."

Fa'iza na tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunun gyaɗa, hannu na ƙuna, ba wanda ya ko ɗago kai.

"To, malaman taurari, a ba ni hanya, ko in juye wa wani a ka."

Igor, na ukunsu, ya yi sauri ya janye dogayen ƙafafunsa. Ta shiga ta dire kwanon.

Mahfuzu ɗanta ne, shekararsa ashirin da huɗu, yana gyaran waya a babbar kasuwar Garwa. Fulbert kuwa ɗan maƙwabciyarta Lucienne ne, katanga ɗaya ta raba su a unguwar Yelwa. Lucienne ta sauko daga duwatsun Mokolo tana amarya, mijin ya mutu ya bar ta da ɗa ɗaya da tebur na tumatir. Wata biyu ne tsakanin haihuwar yaran. Tare suka yi rarrafe, tare suka sha duka. Ɗaya ya tafi masallaci, ɗaya ya tafi coci, su dawo su ci a kwano ɗaya. Sai dai Fulbert da sikila aka haife shi. Ta ci masa ƙugu tukuna, shekara biyu ke nan bai taka ƙasa ba, yanzu kuma ta sauka a ƙoda. Asibiti sun ce a kai shi gida a riƙa ba shi abin da yake so. Fa'iza ba ta yi boko mai nisa ba, amma wannan maganar ba ta buƙatar tafinta.

Abin da yake so kuwa ga shi nan a kan benci: wani baƙin inji tsoho mai gurnani kamar kyanwa, da ƙaramar talabijin. Sati biyu ke nan taransifomar unguwa ta ƙone, ba kuran, wato wutar lantarki, ko na kunna ƙwan fitila. Igor ne ya kawo akwatin batir daga shagon yayansa, ya ɗora faifan sola a kan kwano, ya jona injin. A fuskar talabijin ba komai sai wata doguwar sanda a kwance, tana cika a hankali kamar ana ɗiga ruwa a gora, da lamba a gefenta. Fa'iza ba ta karanta Faransanci, amma lamba ba ta ɓace mata. Sittin da shida.

"Wai ni kam mene ne a cikin abin nan," ta ce, "da ya hana ku ci, ya hana wani sallah a kan lokaci?" Ta harari ɗanta.

Fulbert ya ɗan yunƙura, idonsa ya kawo haske. "Mama Fa'iza, wasa ne, amma ba irin na ƙwallo ba. Da farko sai ka ƙera kanka. Ka zaɓi fuska, ka zaɓi tsawo, ka zaɓi garin da aka haife ka da sana'ar ubanka. Sannan a ba ka jirgi."

"Jirgin sama?"

"Wanda ya wuce sama. Ka tafi wajen taurari, ka sauka inda ka ga dama, ka yi abokai, ka yi abokan gaba. Abin da ka faɗa wa mutum yau, bayan shekara yana tune."

"A'uzu billahi. Ƙera kai kuma? Allah ne mai ƙira."

"Zane ne kawai, Inna," in ji Mahfuzu.

"Ni dogo zan zama," Fulbert ya ci gaba. "Ƙafafu kamar na zalɓe. An ce akwai wata duniya da jiki ba ya nauyi. Tsalle ɗaya, na haye katangar nan na faɗa tsakar gidanku, kina tuƙa tuwo."

Ba wanda ya kalli zanen da ya rufe ƙafafunsa.

"Duk a talla ka gani," in ji Mahfuzu, da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. "Talla kuwa ko jaki sai su mai da shi doki. Ranar Juma'a za ka ga dogon naka ya nutse a ƙasa har wuya, jirgin ya maƙale a bango, su ce a yi haƙuri za a gyara."

"Ni ba wannan ce damuwata ba," in ji Igor. "Tsohon nan nake ji." Ya shafa injin. "Wasan ya fi ƙarfin cikinsa. Tun Asabar yake haɗiya, da rezon intanet na Garwa kuwa sai Alhamis zai gama. Su kuma can sai Juma'a za su buɗe wa duniya. In ya ɗauka, to. In bai ɗauka ba..."

"Zai ɗauka," in ji Fulbert.

Fa'iza ta dubi gumin da ke bin wuyan yaron. Watan Afrilu ne, Garwa na dahuwa, ko ƙadangare ya nemi inuwa. Ga fanka a lungu, an naɗe mata igiya an jingine ta kamar tsintsiya.

"Wannan fa? Ado ce?"

"Batir ɗin ba zai ɗauki biyu ba, Mama," in ji Igor. "Kafar soka igiya ɗaya ce ma ke gare shi."

"An ba ƙarfe wuta, an bar mutum yana gasuwa. Allah ya shirye ku. Kai, Fulbert, sha kunun nan kafin ya yi sanyi."

"A zafin nan? Sai dai ya ƙara tafasa."

Ta fita tana mita. Dariyarsu ta bi ta har zaure.

Washegari Laraba, wajen ƙarfe sha ɗaya, Lucienne ta leƙo ta kan katanga. "Maman Mahfuzu, don Allah ki zauna mini da shi. Maganin ciwon ya ƙare, zan je farmasin asibiti."

Fa'iza ta rufe tukunya ta zagaya.

Ɗakin kamar tanda. Fulbert na kwance ido a rufe, baki a buɗe, numfashi na fita guntu-guntu. Zanen gadon ya jiƙe sharkaf. Barci yake ko suma, oho. Yana juya kai, yana ɗan nishi. Ta ɗauki wani kwali ta yi masa fifita har kafaɗarta ta gaji, iskar da ke fitowa ma zafi ce. Injin kuwa na ta gurnaninsa, sai huci yake ƙara wa ɗakin. Tamanin da uku.

Ta dubi injin, ta dubi yaron. Wannan ai ba abin dogon tunani ba ne. Tukunya in ka sauke ta ka mayar, daga inda ta tsaya take ci gaba. Waya ma in ka cire ta a caji, abin da ta sha ba ya zubewa. Ƙarfe ya huta awa ɗaya, me zai same shi?

Ta ce bismillah, ta zare igiyar injin, ta warware ta fankar ta soka.

Gurnanin ya ɗauke. Fanka ta yi ƙara ta tashi, ta fara juya kai dama da hagu. Ba a yi minti biyar ba nishin ya tsaya. Goshin Fulbert ya saki, hannunsa da ke damƙe da zane ya buɗe. Ya yi barci irin wanda Lucienne ta ce rabonsa da shi tun kafin Ista. Fa'iza ta zauna tana jan carbi, ranta fari tas. Ta ma shirya abin da za ta faɗa wa samarin nan marasa kai.

Ana gab da kiran azahar ya farka. Ya kwanta shiru yana jin iskar a fuskarsa. Sannan idonsa ya tafi kan benci, ya ga baƙar talabijin. Ya daɗe yana kallo.

"Mama," ya ce a hankali, "mayar da waccan igiyar."

"Ka ga yadda ka yi barci kuwa? Har da minshari."

"Na gani. Mayar, don Allah."

Ta mayar. Injin ya yi tari, ya yi ƙara, wani rubutu mai yawa ya fito. Fulbert ya karanta, leɓensa na motsi. Ya miƙa hannu ya danna abin hannun nan da suke kira manet, sau biyu. Ya juya talabijin ɗin gefe da yatsa.

"Ya ci gaba?"

"Zai ci gaba." Ya rufe ido. "Iskar ta yi daɗi, Mama. Useko, na gode."

Bayan la'asar ta koma ɗaukar kwanonta. Tun daga zaure ta ji muryar ɗanta.

"Biyu! Jiya sittin da shida, yau biyu! Na gaya maka batir ɗin nan ruɓaɓɓe ne!"

"Batir ɗina lafiyarsa lau!" in ji Igor. "Dubi fitilar, koriya ce! Na faɗa muku tun ranar farko, in wuta ta yanke wa tsohon nan yana cikin haɗiya, amayar da komai yake yi. Wani ya taɓa!"

"Wa zai taɓa? Kai ne ka kwaso mana shara daga shagon yayanka!"

"Batir ɗin ne ya ɗan faɗi," in ji Fulbert. "Ina kallo. Ku bar maganar."

Igor ya yi tsaye, baki a buɗe, kamar wanda aka mara. Lucienne na tsugune a gefe da ledar magani.

Fa'iza ta dubi talabijin ɗin. Sai yanzu ta ga sandar, fanko, ɗan ɗigo ne kawai a bakinta. Yaro yana bakin kabari yana yi mata ƙarya don ya rufa mata asiri, wani kuma na shan zagi a banza. Ba da ita ba.

"Ni ce," ta ce. "Ni na cire na sa masa fanka. Igor, ka yi haƙuri. Batir ɗinka bai yi komai ba."

Mahfuzu ya juyo a hankali.

"Inna."

"Yana gasuwa ne. Na ɗauka kamar cajin waya ne."

"Kwana biyar, Inna. Sai Litinin ke nan." Ya matso kusa da ita. "Kin san abin da kwana biyar take nufi a ɗakin nan?"

"Kai, Mahfuzu," in ji Fulbert, "uwarka ce. Kuma ni na sha barci, kai ba ka sha ba. Mutanen can sun ɗaga sau uku, Mama ta ɗaga sau ɗaya. Ita ma ta shiga kamfanin."

Ba wanda ya yi dariya. Mahfuzu ya sa takalmi ya fita. Ran nan, tuwonsa a rufe ya kwana.

Fa'iza ba mai zaman kuka ba ce. Da gari ya waye ta gama aikinta da wuri, ta ciro babban maficin kaba da ta ajiye tun na aurenta, ta cika buta, ta zagaya. Ta shimfiɗa tabarma tsakanin katifa da akwatin batir, ta zauna daram. Hannun dama ya gaji ta koma hagu. Ta jiƙa tsumma ta shafa masa wuya. Kaza ta leƙo ta kore ta, wata 'yar coci ta zo dubiya za ta jona wayarta, Fa'iza ta ce, "Ko da wasa." Sallah kaɗai ke tayar da ita. Lambar na hawa kamar tururuwa a bango: sha tara, ashirin da shida, talatin da ɗaya.

Ranar Juma'a aka buɗe wasan wa duniya. Igor ya shigo da waya a hannu yana rawar jiki. "Mutane sun fara saka bidiyonsa a intanet! Bari in nuna maka ko minti ɗaya."

"Kashe," in ji Fulbert. "Shekara uku ina jira don in kalli tafiyar wani? Da ƙafata zan sauka. Kada wanda ya gaya mini komai."

Mahfuzu na zaune a bakin katifa, ya ba uwarsa baya. Tun Laraba iyakarsa da ita "ina kwana". Ya gyara wa abokinsa matashi. "Zai yi kyau," ya ce. "Na tabbata zai yi kyau."

Fulbert ya buɗe ido ɗaya. Fuskarsa ta kumbura, leɓe ya bushe.

"Kai ne kuwa? Shekara uku kana zagin abin nan, yau ka ce zai yi kyau? To lallai na kusa."

"Rufe mana baki."

"Zage shi mana. In ka daina, tsoro nake ji."

Mahfuzu ya ja hanci. "Shara ce," ya ce. "Duniya dubu, ba ko mai sayar da shayi a ciki. Za ka yi tafiyar awa uku ka tarar da dutse. Dutsen ma irin na ƙauyenku."

"Dutsen ƙauyenmu ya fi gidanku kyau."

"Dogon naka kuma zai yi tsalle ya maƙale a sama, ƙafafu na lilo."

"Ko a sama ne, ai a tsaye nake."

Fa'iza ta ci gaba da fifita. Hamsin da ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi, tana wanke tsumma a bakin randa, Lucienne ta zo ta tsuguna kusa da ita. Ta rame, idanun sun faɗa. Ta daɗe tana wasa da igiyar guga kafin ta yi magana.

"Maman Mahfuzu, ranar Laraba ban yi miki godiya ba."

"Godiyar me? Ɓarna na yi."

"Shekara uku da suka wuce likita ya ce mini wata shida. A watan ne yaran nan suka ga tallar. Ya ce, Maman, ba inda za ni sai na ga wannan. Aka ɗaga, ya jira. Aka sake ɗagawa, ya jira." Ta share hanci da bakin zane. "Su suna zagin mutanen, ni kuwa kyandir nake kunnawa a coci, Allah ya sa su sake ɗagawa. Duk Lahadi."

Fa'iza ta daina matse tsumman.

"Sandar nan in ta cika, ya gani, me kuma zai jira?" Lucienne ta kama hannunta. "Ke kin riga kin yi sau ɗaya. Za a ce mantuwa ce. Ki sake cirewa."

"Lucienne, ki ji tsoron Allah."

"Ɗaya gare ni. Ke kina da biyar."

"Rai ba a igiyar wuta yake ba. In lokaci ya yi, ko an cire ko an bari, tafiya zai yi. Abu ɗaya ya roƙa a duniyar nan. Na hana shi sau ɗaya da jahilci, ba zan hana shi da gangan ba."

Lucienne ta saki hannun. Ta tashi, ta kakkaɓe zane. "Ke kin san Allah," ta ce. "Ni ɗana na sani."

Ranar Lahadi ciwon ya yi tsanani. Ko ruwa sai a cokali. Amma duk bayan ɗan lokaci sai ya buɗe ido ya ce, "Nawa?" Fa'iza ta duba ta faɗa masa. Tamanin da biyar. Tamanin da shida. Lucienne ta dawo daga coci ta zauna a bakin ƙofa da kayan cocin a jikinta, carbinta a hannu, ba ta kalli kowa ba.

Aka kira azahar. Tamanin da takwas. Fa'iza ta dubi Lucienne, ta dubi akwatin batir. Ta yi tunanin ta shimfiɗa ɗankwali ta yi sallar a nan, amma alwalarta ta karye, butar kuma ba ruwa, ga gicciye a bango ta gabas. Raka'a huɗu ce. Ta miƙa wa Lucienne maficin.

"Yanzu zan dawo."

Ba ta taɓa sallah da sauri irin ta ranar ba, Allah ya yafe mata. Ko addu'a ba ta tsaya yi ba. Tana shigowa zauren ta ji ƙarar. Ba gurnanin inji ba.

Fanka na juya kai dama da hagu. Talabijin baƙi ƙirin. Lucienne na tsaye da igiyar injin a hannu, maficin a ƙasa. Idon Fulbert a buɗe, a kan uwarsa.

"Zafi ya yi maka yawa," Lucienne ke cewa, da sauri-sauri. "Kwana biyar ne kawai, ɗana. Igor zai sake sawa. Ka jira shekara uku, kwana biyar ba komai ba ne. Ko? Za ka jira."

Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Maman," ya ce, "na gaji da jira."

Lucienne ta yi wani sauti kamar an taka ta. Ta durƙusa za ta zare fankar, igiyoyin sun sarƙe. "Bari in mayar, yanzu zan mayar, wataƙila bai zube ba..."

"Bar ta. Bar fankar." Ya juya fuska wajen iskar, ya rufe ido. "Ta yi daɗi."

Bai sake magana ba.

Bayan la'asar Mahfuzu ya shigo da leda ta lemo. Ya tsaya. Ya ga baƙar talabijin, ya ga fanka na aiki, ya ga uwarsa zaune kusa da batir da mafici a cinya. Ledar ta zame, lemo ya gangara ƙarƙashin benci.

"Sau biyu, Inna?"

Fa'iza ta buɗe baki. Ita da ba ta iya barin zargi a kan wanda bai yi ba ko na minti ɗaya. Ta dubi Lucienne. Matar na durƙushe a gefen katifa, ta kifa goshi a tafin ƙafar ɗanta, bayanta na rawa. Wannan za ta rayu da abin nan har kabarinta, ko ba wanda ya sani. In kuma unguwa ta sani, ko tumatir ɗinta ba mai saye.

Fa'iza ta rufe bakinta. Ta sunkuya ta fara tsince lemon.

"Me ya yi miki?" in ji Mahfuzu. Bai ɗaga murya ba. "Don ba ya sallah? Ko don ni?"

Ta sa lemo na ƙarshe a leda ta ɗaure.

Fulbert ya cika ranar Litinin da safe, rana ta ɗan ɗago, masu tallar ƙosai na wucewa a waje. Ranar da sandar za ta cika ke nan. Lucienne na riƙe da kansa. Fa'iza ce ta shafa masa ido, ta ɗaure masa haɓa da ɗankwalinta, ta ce inna lillahi a ranta, tunda ba ta san abin da su suke cewa ba. Fankar na ta kaɗa gefen zanen da aka rufe shi da shi, har sai da Igor ya zo ya kashe.

Aka kai shi ɗakin sanyi na ajiye gawa a asibiti, don sai dangi sun taru za a hau da shi dutse, can Mokolo. Kwana uku Fa'iza na dafa wa masu zaman makoki shinkafa da miyar yakuwa, tana aikawa ta kan katanga. A bakin ƙofa samarin unguwa na ta gardama ƙasa-ƙasa, wayoyi a hannu. Wani ya ce wasan ya fi tallar kyau, wani ya ce fanko ne, duwatsu kawai. Suka tambayi Mahfuzu, shi da ya fi kowa baki a kai. Ya ce bai gani ba, ba zai kuma gani ba.

Ranar Alhamis da sassafe mota ta zo. Aka ɗaure akwatin a sama. Mahfuzu ya fito da jaka a kafaɗa, zai raka su har Mokolo. Ya tsaya nesa da uwarsa, idonsa a ƙasa.

"Na tafi."

"Allah ya kiyaye hanya. Ga ruwa, ga dabino."

Bai karɓa ba. Ya shiga baya ya ja ƙofa.

Lucienne ta zo cikin baƙaƙen kaya, mata biyu na riƙe da ita. Ta ƙwace ta kama hannun Fa'iza da hannu biyu, ta dubi motar inda Mahfuzu yake, ta dubi Fa'iza. Leɓenta ya fara motsi.

"Shiga mota," in ji Fa'iza. "Rana na yi, hanya da nisa." Ta danƙa mata ruwan da dabinon. "Ki ba shi a hanya. Kada ki ce daga ni ne."

Da motar ta sha kwana, ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗakin. Igor ya riga ya kwashe batir da faifansa. Injin na kan benci, an lulluɓe shi da tawul, manet ɗin a kai. Wani ya soka igiyar fankar a bango don kada a taka ta. Fa'iza ta yaye zanen gado ta ninke, ta ɗaga katifa ta kakkaɓe ta mayar. Ta fara shara daga lungu. A ƙarƙashin benci ta tarar da lemo ɗaya da ya ɓuya, ya fara yanƙwanewa.

Sai ta ji ihun yara daga bakin titi, gida-gida yana tahowa: "Kuran! Kuran ya dawo!"

Ƙwan ɗakin ya yi ƙyaf-ƙyaf ya kama. Fankar ta yi ƙara, ta tashi da kanta. Ta juya kai dama, ta juya hagu, tana busa katifar da ba kowa.

Fa'iza ta tsaya da tsintsiya a hannu ɗaya, lemo a ɗaya. Maficin kabar na jingine a bango inda ta bar shi. Duk sanda iskar ta biyo ta kansa, sai ya ɗan motsa.